'Yata tana kwana karatun jarrabawa har ta rame: in hana ta ko in zuba ido?

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, muna zaune a Tudun Wadan Zariya. Babbar 'yata shekararta 17, tana ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya. Saura 'yan makonni ta zauna JAMB, daga nan sai WAEC da NECO. Tun da aka shiga wannan zangon yarinyar nan ba ta barcin kirki. Ƙarfe 2 ake tashinsu daga makaranta, su zarce lesin har 4, ta dawo ta wuce Islamiyya. Bayan magariba ta taya ni girki da wanke-wanke, don ina sana'ar ɗinki kuma ƙannenta ba su kai ta ba. Bayan isha'i takan ɗan kishingiɗa, sai wajen 11 da rabi idan an kawo wuta ta tashi ta haɗa Nescafe mai kauri, wani lokaci ta ci goro, ta tsoma ƙafafu a bokitin ruwa, ta yi ta karatu da waya a hannu har ƙarfe 3. Da asuba mu tashe ta.

Yanzu ta rame, kullum ciwon kai, abu kaɗan ta fashe da kuka ko ta daka wa ƙannenta tsawa, alhali da ba halinta ba ne. A jarrabawar gwaji barci ya ɗauke ta a kan takardar Kemistiri, makinta ya faɗi. Idan ta gama karatun ta kwanta kuma barcin ba ya zuwa, sai juye-juye. Na yi wa Abbansu magana, ya ce in ƙyale ta, shi ma haka ya riƙa kwana a aji lokacin da yake jami'a, kuma ba shi da kuɗin sake biyan jarrabawa baɗi. Kakarta ta wajen uba, da muke gida ɗaya, ta ce baki ne ya kama yarinyar, a nemo rubutu. Wata maƙwabciyata ta ce in je kemis in sayo mata maganin barci. 'Yar fari ce, ba na iya zaunar da ita mu yi doguwar magana. Ina tsoron in hana ta karatun dare ta faɗi a ce ni na jawo, ina kuma tsoron in zuba ido ta kwanta ciwo. Don Allah ki ba ni shawara.

Uwa mai damuwa, Tudun Wada, Zariya

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Na ji nauyin da ke zuciyarki, kuma zan fara da sauke miki rabinsa. Kina ganin kamar an ajiye miki lafiyar yarinya a hannu ɗaya, sakamakonta a ɗayan, an ce ki zaɓa. Hanya ɗaya ce za ta tsare miki duka biyun, domin kwanan zaunen da yake ramar da ita shi ne dai yake cinye mata maki. Takardar Kemistirin nan ta riga ta ba da shaida.

Mu lissafa tare. In ta kishingiɗa wajen ƙarfe 9 ta tashi 11 da rabi, ta koma 3 ta tashi 5, awa 4 da rabi ke nan, su ma a gutsuttsure. A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da matsaya cewa matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 kullum. Ashe 'yarki rabin abin da jikinta yake nema take samu, kuma makonni a jere. Ciwon kai, saurin kuka, faɗa da ƙanne, duk abubuwa ne da ake gani ga wanda bashin barci ya taru masa. Kada ki ɗauka halinta ne ya lalace. Gajiya ce ta danne shi, kuma zai dawo.

Ga abin da yake faruwa a kan ɗalibi idan ya kwanta. Abin da ya karanta da rana yana fara sauka ne a wani ɓangare na ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon abu na ɗan lokaci. A cikin barci mai nauyi ne ƙwaƙwalwar take bitarsa, ta tura shi ma'ajiyar da zai daɗe, ta ɗaura shi da abin da aka sani tun da. Kin san ƙullin waina: ko shinkafar ta yi kyau, niƙan ya yi laushi, sai kin rufe shi kin ba shi lokaci ya tashi. In kika hana shi hutawa kina ta buɗewa kina ƙara masa niƙa, tanda ba za ta ba ki abin da kike so ba. A 2019 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun ɗaura wa ɗalibai 100 na wani ajin Kemistiri agogon hannu mai auna barci tsawon zangon karatu guda. Waɗanda barcinsu ya fi tsawo, ya fi inganci, kuma suke kwanciya a kan lokaci ɗaya, su ne suka fi maki. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, barcin daren jajibirin jarrabawa shi kaɗai bai nuna wani tasiri ba. Barcin mako da watan da suka gabaci jarrabawar, lokacin da ake koyon darasin, shi ne ya tafi kafaɗa da kafaɗa da maki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan makonnin da kuke ciki yanzu su ne lokacin gyaran. Wani binciken kuma da aka yi kan ɗaliban sakandare sama da 500 a birnin Los Anjelas ya gano cewa duk daren da ɗalibi ya rage barci don ya ƙara karatu, washegari ya fi shan wahalar gane darasi a aji da amsa tambayoyin gwaji.

Yanzu mu dubi yarinyar. Ina so ki sake karanta jerin da kika rubuto mini da hannunki: makaranta, lesin, Islamiyya, girki, wanke-wanke. A ina aka bar mata awa guda ta zauna ita da littafinta? Babu. Tsakar dare ne kawai lokacin da ba mai kiranta, ƙanne sun yi barci, zafi ya ɗan sauka, wuta ta zo. Yarinya ce mai himma da ta duba yininta ta ga an rabe shi, sai ta ɗebi lokacin karatu daga abu ɗaya tilo da yake hannunta, wato barcinta. Ƙari a kan haka, jikin mai shekarunta yana taya ta wannan kuskuren. Tun shekarun 1990 binciken Farfesa Mary Carskadon ta jami'ar Brown ya nuna cewa da zuwan balaga agogon jiki yana ja baya: melatonin, sinadarin da yake sanar da jiki dare ya yi, yana fitowa a makare fiye da na ƙaramin yaro. Shi ya sa ido yake iya buɗe mata tarwai da sha biyun dare, da safe kuma kai ya yi nauyi.

Saboda haka in kika ce mata kawai ta daina karatun dare ta kwanta, kin ƙwace mata abin da ya rage mata ba ki ba ta madadinsa ba. Za ta kwanta da fargaba, ko ta ɓoye waya a ƙarƙashin zani. Barcin nan gidanku ne zai saya mata shi, kuma da lokacin rana za a biya. Wannan ita ce zuciyar shawarata, kuma na san ke ce za ki fi kowa jin nauyinta.

Daga yau har a gama NECO, ki sauke mata aikin gida. Na san ɗinki ne yake taimaka muku, kuma hannu biyun nan nata suna rage miki wahala, amma watanni ne 'yan kaɗan. Yaro ɗan shekara 10 yana iya wanke kwanuka da shara, namiji ne ko mace. Ki yi girkin dare da ɗan yawa ya zama ɗumamen safe. In da wata ƙanwarki ko 'yar dangi da ta gama makaranta tana zaune, ki roƙi a ba ki ita na ɗan lokaci. In ya kama ki rage karɓar ɗinkin gaggawa, ki rage. Sai Islamiyya. Ban ce a cire ta ba, amma Abbansu ya je ya ga malaminsu ya nema mata uzuri, ta riƙa zuwa Asabar da Lahadi kawai har a gama jarrabawa, ta riƙe haddarta da muraja'ar minti 15 bayan sallar asuba. Malamai sun saba da irin wannan roƙon, ba ita kaɗai ba ce 'yar ajin ƙarshe a makarantar. Lesin ma a duba shi: in darussan da take da ƙarfi a kansu ake maimaitawa wasu ranakun, ta dawo gida a waɗannan ranakun.

In an yi haka, ga yadda yininta zai iya zama. A wannan lokacin na shekara asuba a Zariya wajen ƙarfe 5 ce. Bayan salla da muraja'a ta samu awa guda da kwata da darasi mai wuya, Fiziks ko lissafi, kai yana wasai, gari da sanyi. Ta dawo daga lesin ta ci abinci, ta yi la'asar, ta huta, sannan daga 5 zuwa 6 da rabi ta yi tambayoyin shekarun baya, da hasken rana, ba ruwanta da wuta. Tsakanin magariba da isha'i a yi mata tambayoyi da baki na minti 30. Bayan isha'i bita mai sauƙi ta awa guda, ƙarfe 9 da kwata a rufe littafi, 9 da rabi ta kwanta. Ki haɗa: awa 4 da kwata na karatu, a madadin awa 3 da rabi da take yi tana gyangyaɗi. Barci kuma awa 7 da rabi a jere. Bai cika 8 ba, shi ya sa ƙailula take da muhimmanci. A ranakun da ba makaranta, da kuma idan an fara WAEC ranakun da ba ta da takarda, ta kwanta minti 20 zuwa 30 bayan azahar. Kada ta wuce haka, kada kuma ta kai bayan la'asar, don zai ci barcin dare. Asabar da Lahadi tana iya komawa awa guda bayan asuba, amma lokacin kwanciya ya tsaya yadda yake kullum. Sa'ar da kuka yi ita ce jikinta ya riga ya saba da barci bayan isha'i. Aikin kawai shi ne kada a katse shi. Daren farko zuwa na biyar za ta riƙa farkawa da kanta wajen sha ɗaya da rabi, ta yi addu'a ta juya, kada ta kunna fitila. Cikin mako guda ko biyu jiki yakan karɓi sabon tsari, musamman in tana fita hasken rana da sassafe.

Sai Abbansu. Kada ki ɗauke shi a matsayin wanda bai damu ba. Mutum ne da ya biya kuɗin jarrabawa uku a wannan tsadar rayuwar, yana son 'yarsa ta shiga jami'a, kuma hanyar da ya sani ta kai shi ga nasara ita yake miƙa mata. Ba na musun ya kwana a aji, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) na Samaru da Kongo har gobe suna yi. Sai dai shi a lokacin ya girme ta, 'yan darare ne gab da jarrabawa, kuma ba wanda yake jiransa da wanke-wanke ko Islamiyya, yana iya ramawa da rana. Ki same shi ku biyu, bayan ya ci abinci ya huta, ba a gaban yara ba, kuma ki shiga ta ƙofar da ya buɗe da kansa, wato kuɗi. JAMB tambaya 180 ce a cikin awa 2 a gaban kwamfuta, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Saurin tunani da tattara hankali su ne farkon abin da rashin barci yake ɗaukewa. Kuɗinsa zai fi tsira a hannun yarinyar da ta shiga ɗakin jarrabawa idonta biyu. In mai son hujjar addini ne, ki tuna masa Abdullahi ɗan Amru, wanda yake raya dare duka da salla, Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya yi salla ya kuma yi barci, domin jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi a kansa. Akwai kuma hadisin Nana A'isha cewa wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya kwanta har barcin ya sake shi, don bai san abin da yake faɗa ba. In an ce mai salla ya kwanta, ina ga mai haddar Bayoloji?

Kada ki nemi ya ce ya yi kuskure. Ki nemi gwajin mako biyu. Kafin a fara, ya ba ta takardar wata shekara ta amsa a ƙayyadadden lokaci, shi ya duba. Bayan mako biyu na sabon tsarin a sake da ta wata shekarar. Ki kuma ba shi nasa aikin: shi zai riƙa yi mata tambayoyin nan na bayan magariba. Ba sai ya san Kemistiri ba, amsoshin suna bayan littafin. Bincike ya daɗe da nuna cewa ɗalibin da yake rufe littafi ya gwada tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi bayan mako guda fiye da mai maimaita karanta shafi ɗaya. Uban da aka sa a cikin tafiya ya fi sauƙin yarda fiye da wanda aka kawo wa ƙarar ra'ayinsa. In duk da haka ya dage sai an yi karatun dare, ga tsaka-tsaki: ta kwanta ƙarfe 9, ta tashi 4, ta yi awa guda kafin kiran salla, kamar yadda mahaddata suke yi. Awa 7 ne a jere, da ƙailula a kai, ya fi abin da take samu yanzu nesa ba kusa ba. Malamin ajinsu ma, wanda ya ga abin da ya faru a jarrabawar gwaji, maganarsa za ta yi nauyi a kunnen Abbansu.

Hajiya Kaka kuwa, kada ki ja da ita, ki jawo ta. Addu'a ba ta taɓa zama ɓata lokaci ba. Abin da za ki tsare kawai shi ne kada a ɗura wa yarinya jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, ko a turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki. Ni da zan so ma yarinyar ta koma kwana ɗakin kakarta har a gama jarrabawa, in ɗakin ya fi na yara shiru. Kaka ta riƙa zaunar da ita su yi addu'o'in kwanciya tare: Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki, da tasbihin nan 33, 33, 34 da Manzon Allah (SAW) ya koya wa Nana Faɗima lokacin da ta kai kukan wahalar aikin gida. Bayan ladan, abin da ake yi iri ɗaya kullum kafin kwanciya yana koya wa jiki cewa lokacin saki ya yi. Jika tana faɗa wa kaka cikin wasa abin da ba za ta iya faɗa wa uwa ba, kuma ba wanda zai iya cewa Abbansu "bar yarinya ta huta" ya yi shiru kamar mahaifiyarsa. Ki dai roƙe ta ta ɓoye goronta.

Maganar kemis, 'yar'uwa, a'a. Ki yi wa maƙwabciyarki godiya, amma kada ki je. Ƙwayoyin barci irin diazepam, wanda aka fi sani da Valium, jiki yana sabawa da su har ya kasa barci in babu, kuma suna raunana riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa, abin da ɗaliba ta fi buƙata. Magungunan mura masu sa barci irin Piriton suna barin mutum da nauyin kai har washegari. Mu a Arewa mun ga yadda 'ya'yan mutane suka fara da ƙwaya ɗaya ko kwalbar maganin tari, har ta kai gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Juye-juyen da take yi da ƙarfe 3 kuma ba shi da wuyar ganewa. Kafeyin, sinadarin hana barci da ke cikin Nescafe, yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Kofin da ta sha sha biyun dare, rabin ƙarfinsa yana nan har kiran asuba. Goro yana da shi, shayin Lipton yana da shi, Coca-Cola da lemukan ƙarin kuzari suna da shi, har Panadol Extra da wataƙila take sha don ciwon kan. Kada a yanke mata lokaci guda, don janye shi kwatsam yana kawo ciwon kai na 'yan kwanaki. A mayar da shi safe, a rage kaurinsa kaɗan-kaɗan cikin mako guda, kuma daga azahar kada ta sha komai mai kafeyin. Da dare kunun gyaɗa ko madara mai ɗumi ya ishe ta. Bokitin ruwan nan a mayar da shi banɗaki, ido kawai yake riƙewa a buɗe, ba ya sa komai ya zauna a kai.

Wuta da waya su ne sauran masu tashinta. Muddin karatunta yana jiran a kawo wuta, ba ita take da iko da darenta ba. Fitila mai caji ko ta sola guda ɗaya ta warware wannan, ke ki riƙa sa ta a caji idan wutar ta zo. Kafin a kwanta a kashe makunnin ƙwan ɗakin da take kwana, don kada haske ya faɗo mata a fuska tsakar dare. Waya kuma ta kwana a ɗakinki daga ƙarfe 9. Ki gaya mata ba don kina zarginta da wani abu ba ne. Hasken allo yana jinkirta barci, amma abin da ya fi shi illa shi ne zaurukan WhatsApp na 'yan aji, inda wannan zai ce ya gama littafi kaza, wancan ya ce an ce tambaya kaza za ta fito, kowa yana ɗora wa kowa tsoro. Ki ja mata kunne sosai a kan masu alƙawarin turo amsoshi da daddare a biya su. Yawancinsu 'yan damfara ne, kuma hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon wanda aka kama da satar amsa. A saya mata littafin tambayoyin shekarun baya na takarda, atisayen kwamfuta na JAMB kuma ta yi shi da rana a ƙarshen mako. Zafin bazara shi ma yana hana barci, don jiki sai ya ɗan huce kafin barci ya kama shi. Ta yi wanka kafin ta kwanta, ta sa kaya marasa nauyi, a buɗe taga, a ɗaura gidan sauro. In ɗaki ya zama tanderu, baranda ko tsakar gida kusa da kaka ya fi.

Na fahimci kunyar 'yar fari, kuma ban ce ki karya ta ba. Doguwar maganar ki bar wa goggonta ko ƙanwarki, su tambaye ta wane darasi ne yake firgita ta, me take tsoron zai faru in ba ta ci ba. Sau da yawa darasi ɗaya ko biyu ne suke hana yaro barci, kuma malami guda na 'yan makonni ko ƙawa mai ƙoƙari a wannan fannin ya isa. Amma akwai 'yar gajeruwar magana da ke kaɗai za ki iya faɗa, ko da kina kan keken ɗinki ba ki ɗago kai ba: "Mun ga ƙoƙarinki. Sakamako na Allah ne. Je ki kwanta, za a yi wanke-wanken." 'Yar fari takan ɗauka duk gidan a kanta ya rataya. Tana buƙatar ta ji daga bakinki cewa darajarta a wurinku ba ta rataya a kan makin JAMB ba, kuma NECO tana bayan WAEC, akwai kuma jarrabawar masu zaman kansu daga baya. In tunani ya hana ta barci, ta ajiye takarda kusa, kafin kwanciya ta rubuta abin da za ta karanta gobe da abin da yake damunta, ta rufe. In ta kai kamar minti 20 barci bai zo ba, ta tashi zaune a duhu-duhu ta yi zikiri, ba waya ba littafi ba kallon agogo, sai ta ji ido ya yi nauyi ta koma.

Ramar nan da ciwon kan kullum ina so likita ya gani, kada mu ɗora komai a kan barci. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, wanda ya yawaita ga 'yan mata masu zubar da jini da yawa a al'ada, duk suna kawo kasala da ciwon kai, kuma gwajin jini mai sauƙi yana nuna su. A duba idonta ma, tunda ta daɗe tana karatu a ƙaramin haske. Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na ABU da ke Shika suna kusa da ku. In kuma bayan mako biyu da gyara tsarin barcin bai daidaita ba, ko ta daina cin abinci, ko ta janye daga mutane, ko gabanta yana yawan faɗuwa har numfashi ya sarƙe, ku koma ku faɗa wa likita dalla-dalla. In kika taɓa jin ta ce gara ta mutu, ko ta gaji da rayuwa, kada ki ɗauke shi maganar yarinta, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Akwai likitocin wannan fannin a Shika, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne.

Jajibirin kowace takarda a rufe littafi da isha'i. Ta haɗa katin jarrabawa, biro, fensir da kayan makaranta tun da yamma. Takardar JAMB da ke nuna cibiya da lokaci a buga ta da wuri, Abbansu ya je ya ga wurin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don wasu zaman da sassafe ake yin su, kuma cibiyar tana iya zama nesa da Tudun Wada. Da safe ta karya da abin da cikinta ya saba da shi, ba sabon abu. In fargaba ta sa barcin wannan daren bai yi kyau ba, ki ce mata ba komai, dare ɗaya ba ya rushe makonnin da ta yi tana hutawa. Ta dawo daga takarda ta ci abinci ta yi ƙailula, kada ta zauna bin amsoshi da ƙawaye ana lissafin wanda ya yi kuskure, ta fuskanci ta gaba. Ki rubuto mini bayan gwajin mako biyun in ji yadda kuka yi da Abbansu. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ta sa'a.